Buntun Injin Sirajo

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Ya kama! Gawayin da na yi da buntun shinkafa ya ci wuta, ba hayaƙi, ba tartsatsi. Sauda ta dafa wake da shi, ta fito idonta ba hawaye. Na ce mata ta dubi mijinta da kyau. Mutumin da ya fara da turin baro a kasuwar Birnin Kebbi, yau ya yi gawayi ba tare da an sare ko reshe ba. Ta ce in matsa, na tare mata iska.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Madam Foluke, Bayarabiyar nan mai shago kusa da tasha, ta gwada ta yaba. Tana aika kaya Abuja, wajen masu son abin da bai ɓata daji ba, ba a kuma cuci kowa wajen yinsa ba. Ta ce in kayana sun cika sharaɗi za ta riƙa ɗaukar mota guda duk wata. Mota guda! Amma sai ta zo ta gani da idonta. Ta zo mana.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ambursa. Na saye tsibin buntun da ke bayan injin casar Sirajo gaba ɗaya, har na baɗi. Sirajo ya yi ta sosa ƙeya, wai mata na ɗiba. Na ce shara ce, ni na mai da ita dukiya. Na kewaye da waya, na jera duro huɗu na ƙona buntu. In ya yi baƙi a kwaɓa da kokon rogo, a matse, a shanya. Shi ke nan sirrin, amma sai mai kai.

Asabar, 19 ga Afrilu

Argungu. Masu gasa kifi sun wawashe buhu biyun da na kai. Wani ya kira ni injiniya. Ban gyara masa ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ranar banza.

Na ɗauko Madam a Keke Napep, ina ta zuba. Dab da Ambursa sai ga mata a jere, kowace da ɗanyen itace a ka, ganyen ko bushewa bai yi ba. Ta sa aka tsaya. Babbarsu, Goggo Baiwa, mai turara shinkafa, ta ce tun da aka kafa injin nan da buntun suke hura wuta, ba mai hana su, don shinkafarsu ce ake casawa. Ta nuna ni da haɓa: "Wanga ɗan na ya ɗaure muna wuta da waya."

Madam ta dube ni. "Malam Arzika, kai ba ka sare itace ba, ka dai aiki wasu su sare maka."

Ta ce ba za ta ɗauka ba sai na gyara. Da kuɗina na saya! Ina laifina?

Alhamis, 24 ga Afrilu

Sauda ta ce laifin a bayyane yake. Ban ci tuwonta ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Abin da na tarar yau! Na iso da hantsi, an ɗage wayata, Goggo Baiwa ta ɗora ƙatuwar tukunyarta a kan bakin durona mai ci, shinkafa na ta turiri. Na ce Goggo, mene ne haka? Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Wutarmu ta. Inda ta tahi nan muka bi ta. In kana da ƙarhi, sauke."

Tukunyar ta fi ƙarfina, ga mata sun zuba min ido suna jiran dariya. Na tsaya ina huci. Sai na lura: zafin nan da ke tashi sama a banza kullum, shi ke dafa mata shinkafa. Da aka sauke na buɗe duro. Buntu ya ƙone baƙi ƙirin, yadda nake so. Wuta ɗaya, aiki biyu!

Da ma na kusa tunanin haka.

Juma'a, 2 ga Mayu

Maƙeri ya yi min mazaunin tukunya a kan kowane duro. Na naɗe wayar, da ma tana yaga min riga. Matan sun ce su za su riƙa matsewa da shanya, amma a yanka ladan a gaban Sirajo, ba a bayan gida ba. Goggo ta fi ɗan kasuwa iya ciniki. Ta kira ni marowaci sau biyu, sannan ta ba ni gumi, wato turarriyar shinkafa, a leda in kai wa Sauda.

Talata, 6 ga Mayu

Madam ta dawo. Ba ta tambaye ni komai ba, wajen matan ta zauna, har da cin ɗanwake. Da za ta tafi ta ce mota na zuwa ƙarshen wata, kuma tana son shinkafar ma. Na rasa inda zan sa kaina don murna, na taka gawayin da aka shanya.

Na so a kunna duro gobe da asuba. Goggo ta ce shinkafarta ba ta jiƙu ba, sai jibi.

To, jibin. Ni ma ina da abin yi a gari.