Faten da Ka Ce na Innarka Ne

Zuwa ga Malam, Baban Uwani,

Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba a kan mace ga mijinta. Ba zan tambaye ka lafiya ba, don inda kake ba a amsa wannan tambaya. Na kuma san takardar nan ba za ta same ka ba, babu mai kai maka, babu mai karanta maka. Shi ya sa ma na samu bakin magana. Da kana da rai, kafin in kai layi na biyu ka ce in tashi in duba tukunya.

Ga labarin gida. Na fita takaba. Uwani ta sauka lafiya a Gagarawa, namiji, mijinta ya mayar masa da sunanka. Sun ce in zaɓa masa laƙabi tunda ba zan iya kiran sunan ba, na ce su zaɓa da kansu. Zaurenka yanzu kaji ne a ciki. Fataken Damagaram da kake saukewa, waɗanda kake cewa sun fi maka 'yan uwa, tun kafin sadakar bakwai suka koma wurin wani dillalin a Maigatari. Ko ɗaya bai zo ya ce a nuna masa kabarinka ba. Mutum ɗaya ne ya yo aike, shi ma tambaya yake ko har yanzu ana yin faten nan a gidan.

To, maganar faten ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna yadda kake yi mini? Kai dillalin shanu ne, baƙonka shi ne abincinka, wannan ban taɓa musu ba. Amma sai rana ta karkata ka leƙo ka ce baƙi sun sauka, ka juya. Abin da kake ajiyewa na cefane ko ni da yara bai ishe mu ba, ga shekarun nan da komai ya yi tsada, kananzir ma sai mai uwa a gindin murhu. In miya ta yi ruwa, har bakin zaure kake kirana ka tambaye ni, baƙi suna ji, ko rijiya na ɗebo musu. Su yi dariya. Ka taɓa tambayar kanka da me nake cika kwanukan nan?

Shekarar da aka yanke mana Jigawa daga Kano aka turo wani malamin dabbobi Gumel, ya kama hayar gidan da ke jikin namu. Baban Rifkatu. Ka san shi, a kara, kasuwar shanu, kuke wuni tare. Mutanen Filato ne, Kiristoci. Katangar da ta raba mu ta zaizaye ta wajen madafi, in na taka turmi ina ganin tsakar gidansu. Matarsa ta ji ranar da ka yi mini maganar rijiya. Washegari ta leƙo ta gaishe ni da Hausarta mai lanƙwasa. Ba ta ce ta ji komai ba. Cewa ta yi tana da wani abinci na garinsu da ake kira gwate, na masu baki da yawa ne, ko ina so ta nuna mini.

Bari in faɗa maka yadda ake yinsa, tunda ka shekara da shekaru kana ci ba ka taɓa tambaya ba. Ana aikawa wurin mahauta da la'asar, lokacin da nama ya ƙare sai ƙashi, a ce su sassara na ƙafa mai ɓargo. A dafa shi da albasa da daddawa har romon ya yi fari. Sai a zuba waken da aka jiƙa tun safe. In ya fara fashewa, a jajjaga gauta da attarugu a zuba, kada a ji tsoron ɗacin gautar, shi ne ke riƙe tukunyar. Sannan tsakin masara, ana barbaɗawa ana juyawa don kada ya yi gudaji. Dakakkiyar gyaɗa in akwai, in babu ba a fasa ba. Ganye ne ƙarshe, alayyahu sannan yakuwa, a sauke tun tana da ranta. Babu mai ko ɗigo. Tsakin da ba zai ishe mu tuwo ba, a gwate sai ya ciyar da zaure har a samu ɗumame.

Ranar da na fara yi, kwanukan suka dawo kamar an wanke. Ina jin ka ta ƙofa kana gaya wa baƙi wai faten garinku Ɗanzomo ne, Innarka ce ta koya mini, wai kafin nan ko ruwan zafi ban iya ba. Allah ya jiƙan Inna, amma ni da kai mun san fatenta: tsaki da rama da ruwa. Har yau ban sani ba ko ƙarya ka yi da gangan, ko ka faɗa har kai ma ka yarda.

Ni kuma na koya wa Maman Rifkatu ɗan wake. Na farkon da ta yi kanwa ba ta isa ba, ya narke a tukunya ya zama kunu, muka yi dariya har na kusa faɗowa daga kan turmi. Na koya mata dambun zogale da kwaɗon tafasa, da yadda ake yajin ƙuli ya daɗe bai yi wari ba. Albashin mijinta yakan makara, sai ta ce ɗan wakena ne ke kai su ƙarshen wata. Akwai wani kwanon sha nawa mai murfi da ke tsallake katangar nan kusan kullum, bai taɓa tafiya ko dawowa babu komai a ciki ba. Malam, a duk zamana a gidanka, ita kaɗai ce ta taɓa tambayata ko ni na ci.

Sai ka ɓata da mijinta. Ya hana a loda wasu shanun baƙinka, ya ce suna da ciwon huhu, la'adarka ta bi ruwa. Ka dawo gida kana huci ka ce daga ranar abincin gidan can ba ya shigo maka gida, ba ka san da me suke dafawa ba. Kana faɗa kana sharɓar gwatenta, yana zuba maka a gemu. Muka koma miƙa kwano sai ba ka nan.

Ka san ranar da zan ambata yanzu. Baban Rifkatu ya je allurar shanu ƙauyukan Gagarawa, a hanyar dawowa babbar mota ta bi ta kan babur ɗinsa. Da hantsi aka kawo labari. Kukan da na ji ta katanga ban taɓa jin irinsa ba. Ban jira kowa ba. Waken da yayana ya aiko mini daga Sule Tankarkar na jiƙa, nawa ne, ba na rumbunka ba. Na ɗora babbar tukunyar biki. Ban taɓa yin gwaten da ya kai na ranar ba, don ina yi ina tuna duk abin da ta gaya mini. Na sauke, na yafa mayafi, ni da Uwani za mu kama mu kai.

Sai ka shigo. Ka buɗe murfi, ka ce madalla, dama baƙi sun sauka. Na ce maka na gidan rasuwa ne. Ka ce mamaci ba ya cin abinci, masu ran kuma suna da 'yan cocinsu. Ka ce in ƙafata ta taka gidan can, in wuce Sule Tankarkar kawai, takardata za ta same ni. Da hannunka ka ɗauki tukunyar, kai da ba ka taɓa ɗaga ko buta a gidan nan ba.

Na zauna a madafi. Ta dama ina jin kuka, ta hagu ina jin ƙarar cokula da dariyar fatake ana yabon hannun Innarka. Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ƙamshi ba ya sanin katanga. Tun azahar take jin ƙamshin gwatenta yana tashi daga gidana. Ta san tukunyar waye nake dafawa. Ta jira. Mutanen unguwa, Musulmi da Kirista, kowa ya shiga da ɗan abin da ya samu. Ni kaɗai, da muke jin numfashin juna, ban je ba, ban aika ba, aka kuma cinye abincin ana shewa a ranar da mijinta ke kwance.

Na taka turmi na kira ta, ba ta amsa ba. Washegari suka tafi da gawa garinsu. Sau ɗaya ta dawo, kwashe kaya. Na sake kiranta, na ce ta tsaya in yi mata bayani. Ina ganin bayanta tana ɗaure katifa, ba ta juyo ba. Da motar ta tashi na tarar da kwanona a kan katanga, an wanke shi tas, babu komai a ciki.

Na ci gaba da dafa maka, ka ci gaba da ci. Ba ka sake ambaton su ba.

Da ciwon nan ya kayar da kai a kara aka kawo ka ɓarin jiki a shanye, baki a karkace, likita ya ce hawan jini ne. Ya ce ban da gishiri, ban da magi, ban da yaji da romon ƙashi. Kowa ya shaida ban saɓa wa likita ba ko sau ɗaya. Na yi maka wanka, na juya ka, na kwashe abin da ya kamata a kwashe. Tuwo mai laushi da miyar kuka lami, a baki nake ba ka. Yayarka, Yaya Gambo, har kuka ta yi tana sa mini albarka, ta ce samun mace irina sai an tona.

Amma ka lura na matso da murhu kusa da ƙofar ɗakinka? Na ce wa mutane iska ce ke damuna a madafi. Ba iska ba ce. Ni da yara muka koma cin gwate kusan kullum. Ina jin lokacin da ƙamshin ke iso ka, don gadon yakan yi ƙara. Ina shiga in ga idonka a kan hannuna, kana ƙoƙarin haɗa kalmar, miyau yana zuba. Fate kake son cewa. Na gane tun ranar farko. Sai in goge maka baki in ce likita ya hana, in ɗebo maka lami. Wata rana hawaye ya gangaro maka har cikin kunne. Na goge shi ma.

Na sha yin niyyar in gaya maka na waye, kana kwance ba ka da bakin musu. Sai na tuna halinka. Da ka san daga hannunta ya fito, da ka daina kwaɗayinsa don girman kai, ka samu sauƙi. Shi ya sa na bar ka da Innarka.

Kada ka ɗauka tuba nake yi maka. Cokali ɗaya da ba zai kashe ka ba, na sani. Ita ma tukunya ɗaya da ba za ta talauta ka ba.

Ranar sadakar arba'in shi na dafa. Yaya Gambo ta kai loma ɗaya ta fashe da kuka, ta ce wallahi kamar Inna ta dawo. A gaban matan Ɗanzomo duka na ce mata ba na Inna ba ne, sunansa gwate, wata Maman Rifkatu ce ta koya mini ta kan katangar can. Wasu suka ajiye cokali. Ba a jima ba suka sake ɗauka. Kafin su tafi, uku daga ciki sun ja ni gefe suna tambayar lokacin da ake zuba gauta. Yanzu matan unguwa suna shigowa da la'asar in nuna musu, yawancinsu matan ma'aikata ne da albashi ke makara. Ba na karɓar komai. Sharaɗina ɗaya ne, duk wadda ta dafa aka yaba, ta faɗi sunan mai shi.

Saura magana ɗaya. Ranar da aka haɗa ka, kafin a fita da kai, Yaya Gambo ta riƙe hannuna ta ce in yafe maka. Na ce na yafe, kuma ba ƙarya na yi ba. Maganar rijiya, dariyar baƙi, yunwar da na kwana da ita don zaurenka ya ƙoshi, duk na yafe, nawa ne. Amma malamai sun ce haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe da bakinsa. Tukunyar nan ba tawa ba ce tun da na sauke ta da sunanta. Abincin marayu ne ka ɗauka ka ba fatake.

Na tambayi 'yan cocinsu inda take. Waɗanda suka san ta an yi musu canjin wurin aiki, sababbin ba su taɓa jin sunanta ba. Abin da na sani kawai, garinsu yana wajen Pankshin, cikin duwatsu. Ko sunanta na yanka ban sani ba, kamar yadda ita ma Maman Uwani kawai ta sani. Zan ci gaba da tambaya, don ina da abin da zan gaya mata. In Allah ya haɗa mu, zan faɗa mata inda tukunyar ta tafi, daga nan in yi shiru. Ba zan roƙa maka ba.

Sai ka jira ta.

Ka huta, in an bar ka.

Ni ce wadda ta dafa,
Maman Uwani,
Gumel.