Tayoyin Kan Rufinmu

Laraba da dare, tsakiyar damina, unguwar Bolari

Na kasa zama wuri ɗaya. Ƙanwata Zainab na ɗakin Inna tana nishi, zazzaɓi ya ƙi sauka, gaɓoɓinta duk ciwo. An yi gwajin maleriya, wai babu. To mene ne?

Ni dai na san abin da na kashe a ƙafarta da rana tsaka: baƙin sauro mai ratsin fari. Na bincika a waya. Wannan ba ya jiran dare, ina ruwansa da gidan sauro. Shi ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin denge, kuma a ruwan da ya kwanta cikin taya yake hayayyafa.

Ɗazu da la'asar na hau rufi. Tsofaffin tayoyin da Baba ya danne kwano da su saboda iska, kowacce cike da ruwa, 'ya'yan sauro sai wutsil-wutsil suke. Na shiga wurgo tayoyin ƙasa.

Baba ya fito a fusace. "Kai Sadiƙu! Wa ya aike ka?"

Na ce, "Baba, wallahi mu ke kiwon abin da ke cinye Zainab!"

"Sannu likitan waya! In iska ta yaye rufin, a cikin wayar za mu kwana?"

Ban bar ko ɗaya ba. Gobe kuma asibiti za mu koma da Zainab.

Yanzu ga hadari ya haɗo daga gabas. Kwanon ɗakin Inna ya fara ɗagawa yana bugawa, kuma a ƙarƙashinsa Zainab take kwance. Bari in je in nemo bulo in danne shi.