Gajeriyar Igiyar Awo

Tsaunin Napu, farkon Rajab

Zuwa ga maiɗakina Cenning, uwar Tenri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Tenri da tsohuwa mahaifiyarki. Yaya ruwan tafki bana, ya tsaya a ƙarƙashin gidanmu na kan ginshiƙai ko ya sake hawa tsani? Ni dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwar nan da sanyin tsauni ya sa wa ido.

Igiya ta iso, kuma a kanta nake so mu yi magana.

Shekara uku ke nan da na baro Sengkang na hau nan dashen kofi. A cikinsu ban roƙe ki komai ba, ko kifi busasshe ban ce a aiko ba. Abu guda na nema: ki miƙe tsaye, ki buɗe hannuwanki biyu, a ja igiya daga kan yatsa zuwa kan yatsa, a yanke a aiko mini, don a auna gidanki da jikinki kamar yadda ake wa kowace matar gida. Abin da ya zo mini a ƙunshe cikin ganyen ayaba ba awonki ba ne. Na san awonki. Ranar da marigayi babana ya auna mu don gidanmu na bakin tafki, yatsu huɗu kacal na fi ki, har ya yi ta zolayata wai na auro mai hannun masunta. Wannan igiyar kuwa na gwada ta a ƙirjina, ta gaza da kusan kamu guda.

Ba na zargin ki. Na san hannun da ke ciki. Yayanki Daeng Parani tun ranar da na ce zan kawo ki tsauni yake cewa ƙanwarsa ba biri ba ce. Ina jin ƙaramar 'yarsa ya tsayar ya auna, don in gina akurkin kaji a yi mini dariya. In haka ne, ki gaya masa wasan ya yi tsada.

Bari ki ji abin da yake wasa da shi. Gangaren nan da fartanya na sare shi ni kaɗai har ya kwanta, ƙasar da na kwashe na yi mata shinge da duwatsu don kada ruwa ya tafi da ita. Duwatsun da ginshiƙai za su zauna a kai daga rafi na ɗauko su a kafaɗa, masu faɗi, kowanne sai da na huta sau biyu kafin in kai sama, matsattsaku suna shan rabonsu a ƙafata. Itacen duk an sare, an feƙe shi da gizago, yana jingine yana shan iska. Ginshiƙin cibiyar gida ma na samu, miƙaƙƙe, babu ko ido ɗaya a jikinsa.

Puwa Semmang, tsohon maginin da ya yarda zai yi mana aikin, ya ce ba zai huda ko rami ɗaya ba sai magana ta tsaya a kan igiya ɗaya. Yana da gaskiya, shi ya sa ma abin ya fi ƙona mini rai.

Ki sake aunawa. Tenri ta riƙe miki bakin igiyar, tsohuwa ta tsaya shaida, kada yayanki ya kusanci wurin.

Ki gaida tsohuwa da kyau, ki ce ina neman addu'a.

Mijinki,
La Mappa

Tsaunin Napu, farkon Sha'aban

Zuwa ga Cenning, uwar Tenri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kowa na cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin tsohuwa da tarin nan nata?

Igiya ta biyu ta zo. Na ɗora ta kan ta farko, ko faɗin farce ba su bambanta ba. Tare da ita layi biyu da rubutun Tenri: wai kin ce wannan shi ne awonki, a gina a haka. Shi ke nan. Ba yaya kake, ba me kake ci.

To, yanzu ban san da wa zan yi fushi ba, don haka da ke nake yi.

Na je wa Puwa Semmang da shawarar a ƙara kamu guda a kan igiyar, tunda ni na san tsawon hannun matata. Ya ajiye tabarsa ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, ni matar da ta aiko igiya nake gina wa gida. Wadda ke cikin kanka, kai ka gina mata." Na ce masa igiyar ƙarya ce. Ya ce, "To ƙaryar matar gida ce, ita za ta zauna a ciki." Na yi fushi na tafi gona, kwana biyu ban ce masa uffan ba, shi kuwa ko a jikinsa, yana zaune yana wasa gizago. Damina ta matso, itace ba ya jiran mai fushi. Na sauko na ce a yanka.

An yanka, an huda ginshiƙai, an zura katakai a cikinsu, jeri-jeri a kwance a ƙasa, ba ƙusa ko ɗaya. Aikin tsohon nan ba abin kushewa a ciki, in ka zura katako a raminsa ko ruwa ba zai bi ba. Amma Cenning, gidan ƙarami ne. Duwatsun da na jera da farko sai da na ciccire na matso da su ciki. Na kwanta a ƙasa na gwada kaina da inda ƙofa za ta tsaya, katakon sama daidai goshina yake.

Maƙwabcina La Kaseng kullum sai ya biyo da safe da kofinsa a hannu. Jiya cewa ya yi, "La Mappa, ashe yarinya ka ƙaro ba ka gaya mana ba? Ko tantabaru za ka kiwata?" Na ce masa ko tantabarun ne sun fi shi, su ba sa kwana a gidan surukai. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban ci abincin rana ba.

Akwai wata magana da na haɗiye tun bara. Zanen silikin da kika aiko mini da ƙaramar salla ba saƙarki ba ce. Shekara ashirin da wani abu ina ɗaura saƙarki, na san yadda kike matse bakin zane. Wannan na kasuwa ne. Na ce a raina ƙila aiki ya yi miki yawa. Yanzu na haɗa shi da igiya, na haɗa da wasiƙun da kullum Tenri ke rubutawa a gajarce, sai nake ganin kamar ana sallamata ne a hankali, yadda ake janye wa baƙo tabarma.

Ban ce ba ki da hujja ba. Na bar ki da ambaliya da tsohuwa da yarinya, abin da nake aikowa bai taka kara ya karya ba, kofin kuma sai bana zai fara 'ya'ya na kirki. Nan ɗin ma ba aljanna ba ce: gajimare har cikin bukka yake shigowa, aladun daji sun cinye mini rogo, kifi sai mai gishiri. In kin ga ba za ki iya ba, faɗa mini a fili. Na fi son mari da a riƙa aiko mini da igiyar yara.

Puwa Semmang ya zaɓi ranar Alhamis ta ƙarshe kafin azumi don tada gida. Na gayyaci mutane, na tanadi shinkafa da kaji, ayaba da kwakwa da za a rataya wa ginshiƙi duk suna nan. Kin san ba a tada cibiyar gida sai hannun matar gida na kanta. Matar La Kaseng ta ce in ba ki zo ba ita za ta riƙe mini, don taimako ta faɗa, amma ji na yi kamar ta watsa mini ruwan zafi. Daeng Parani zai kawo mini kwanon rufi da motarsa a makon. Akwai wuri a gaba kusa da direba. In motar ta iso babu ke, na ji amsata.

Na bar miki wurin masaƙa ta gabas, inda rana ke fara bugawa.

Ki gaida Tenri.

La Mappa

Tsaunin Napu, jajibirin azumi

Zuwa ga maiɗakina Cenning,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Zan tambayi lafiyarki kamar yadda aka saba, amma wannan karon ina son amsar gaskiya: yaya hannun?

Motar ta iso ranar Alhamis da hantsi, mutane sun riga sun taru, an ɗaura igiyoyin ja, mata suna kan tukwane. Na leƙa gaba, yayanki ne da buhun gishiri. Ban san sanda na ciro igiyoyin nan biyu daga aljihu na jefa masa a ƙirji ba, gaban kowa. Na faɗa masa maganganu, har da na kuɗin motar da kowa ya san inda ya samo, wanda bai shafi zancen ba.

Bai rama ba. Ya tsinci igiya ɗaya ya ce, "Kai dai bakinka ya fi kanka sauri, ƙanina. Riƙe nan." Na riƙe. Ya miƙe hannunsa na dama, na hagu kuwa ya lanƙwashe shi a gwiwa ya manne da haƙarƙari, ya kama ɗaya bakin da yatsu. Ya ce, "Haka ta tsaya. Sau biyu. Na biyun har da hawaye, don ta yi ƙoƙarin miƙe shi ya ƙi."

A nan na ji sauran. Ambaliyar bara, kina sauko da tsohuwa zuwa kwalekwale, tsani ya zame, gwiwar hannu ta karye, maɗori ya ɗaura ta haɗe a karkace. Masaƙa tana rataye a rufi tun lokacin. Kuma kin sa kowa ya rantse ba zai gaya mini ba, wai in na ji zan watsar da kofi in sauko, wahalar shekara uku ta tafi a banza. Wai kuma mace mai hannu ɗaya kaya ce a tsauni, gara in gama gidan in ga ƙanƙantarsa in fahimta da kaina.

Cenning, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Fiye da shekara guda garin Sengkang kaf ya san matata ta karye, mai sayar da gishiri ya sani, yaran makarantar Tenri sun sani, ni kaɗai aka mayar yaron da ake ɓoye wa wuƙa. Ina nan ina ƙorafin bakin zane, ke kina can kina koyon ɗaure gashi da hannu ɗaya. Wa ya ba ki ikon yanke mini abin da zan iya ɗauka? Da na sauko, i, da na sauko, kofi ya bushe in ya ga dama. Wannan zaɓina ne, kika karɓe mini shi. Kuma har kina tunanin zan dubi gida in ga ya yi kaɗan in ce to a bar matar. Shekara ashirin da wani abu, awon da kika yi mini ke nan? Naki awon ya fito daidai, nawa ne kika gajarta.

Yayanki kam, na ba shi haƙuri kan igiya gaban mutanen da na zage shi a gabansu, don bai yi abin da na ce ya yi ba. Kan ɓoyon kuwa ban yafe masa ba tukuna, ya sani. Tenri ki ce mata ba ruwanta, umarni ta bi.

Gida ba a tada shi ba. Matar La Kaseng ta matso tana gyara zane, na ce mata ta zauna, na gode. Na ciyar da mutane shinkafarsu da kajinsu, suka watse, wasu na gunaguni don sun bar gonakinsu, kuma suna da gaskiya. La Kaseng ne ma, mai bakin nan, ya tsaya har la'asar muka ɗaga katakai kan duwatsu muka lulluɓe su da kwanon rufi saboda ruwa. Ko tantabara ɗaya bai ambata ba.

Na tambayi Puwa Semmang ko mai hannu ɗaya tana iya riƙe cibiyar gida. Ya ce shi dai hannun matar gida ya gada a wurin malaminsa, ba a taɓa ce masa biyu ba. Ya sa sabuwar rana, mako guda bayan salla. Cikin azumin nan zan rage tsayin ginshiƙai don tsani ya kwanta, in sa masa marikin hannu ta dama, murhu da wurin tulu duk a ƙasa-ƙasa. Wurin masaƙa yana nan yadda na bar shi. In Tenri na so ta koya ki zauna ki yi ta yi mata faɗa, in ba ta so ki sha rana a wurin.

Tsohuwa ma a taho da ita in za ta iya hanya, in ba za ta iya ba yayanki ya ce ɗakinta na nan a gidansa. Motarsa za ta sake hawowa kwana uku bayan salla. Ba tambayarki nake ba wannan karon, na yi tambaya sau biyu an aiko mini da igiya.

Ginshiƙin yana kwance, kuma zai yi ta kwanciya har ya ruɓe in ba ki zo ba, don ba wadda za ta taɓa shi. In kin zo, hannun hagun nake so ki ɗora masa, da shi aka auna gidan. Ƙofar kuwa na ce a bar ta yadda igiya ta ba da. Ni zan koyi sunkuyawa.

Allah Ya sa mu ga watan lafiya. Ki gaida tsohuwa da Tenri.

Mijinki, wanda har yanzu yake fushi,
La Mappa