Basha a Ɗakin Baƙi

Daga garin Salt, kusa da Amman, farkon sanyi

Zuwa ga ɗana Muhannad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka isa Oman lafiya, aikin kuma bai fi ƙarfinka ba. Kada ka wahalar da kanka da kiran waya. Ka san kunnena, kana ihu ina cewa "na'am?" har mu gaji. Ka rubuto, idona da sauransa.

Amanarka tana nan, wato Basha, ƙadangaren naka mai gemu. Sa'anninka jikoki suke kai wa iyayensu, kai ka kawo min ƙadangare. To, Allah ya amfana. Tunda ya shigo gidana ya zama baƙo, baƙonka kuwa annabinka. Na sa an ɗauke akwatin gilashinsa daga inda ka ajiye, an kai ɗakin baƙi, kan teburin da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yake ɗora butar gahawa. Na lulluɓa masa mayafin nan mai ɗinkin hannu, na rufe tagogi kada iska ta dame shi. Fitilu biyun da ka rataya masa na kashe su. Wa ya taɓa hutawa da wuta a tsakar kansa?

Batun gyaren da ka bar masa ya riƙa ci kuwa, ka yafe ni. Ba zan ajiye ƙwari masu rai a gidan da nake sallah ba, na juye su a lambu. Ranar Juma'a na yi mansaf, girkinmu na karrama baƙo, na ɗibar masa shinkafa da ɗan nama, ko kallo bai yi ba. Na ba shi burodi da man zaitun, ya juya min ƙeya. Ummu Rakan maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Wannan girman kai ai na ubangidansa ne." Na ce, "Ki bar min ɗa, ki ji da naki."

Amma gaskiya abin ya fara damuna. Tunda ka tafi bai sa komai a bakinsa ba, launinsa ma ya yi duhu. Ban tuna ka taɓa ba ni ajiyar abin da kake so haka ba, kuma ba na so ya lalace a hannuna.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka kuma mai yi maka addu'a, Ummu Muhannad

*

Daga sansanin aiki, Oman

Zuwa ga Yumma, mahaifiyata abar ƙaunata,

Wa alaikumus salam. Ina sumbatar hannunki da kanki, ina fata ciwon gwiwarki ya yi sauƙi. Na karanta wasiƙarki na yi dariya, daga baya kuma na zauna rubuta miki wannan da gaggawa.

Yumma, don Allah ki fitar da Basha daga ɗakin baƙi yau ɗin nan. Ɗakin ya fi ko'ina sanyi a gidan, mu ma da riguna biyu muke shigarsa. Shi jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa, aro yake yi. In bai ji zafi ba, cikinsa ba ya narkar da abinci, shi ya sa ya ƙi ci. Ba raina girkinki ya yi ba.

Ki mayar da shi kicin, ki cire mayafin. Fitilun su kwana a kashe, amma su yini a kunne. Mai zafin ki daidaita ta saman dutsen nan da ke gefe guda cikin akwatin, ɗaya gefen ya zauna da sanyi-sanyi, in zafi ya ishe shi ya koma can. Doguwar kuma ita ce ranarsa, domin hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yi masa amfani. In babu ita ƙashinsa laushi yake yi.

Ban da shinkafa, ban da burodi, ban da nama. Ganyen lansir yankakke da kabewa gogaggiya sun ishe shi da safe, da ruwa a faranti mara zurfi. Gyaren kuwa dole ne. Mai shagon dabbobi a Amman zai aiko miki wasu. Ki barbaɗa musu farin garin ƙarfafa ƙashi da na bari a kwalba, kuma kada ki kamo na lambu saboda feshin magani.

Na san na ɗora miki nauyi. Shekarun da na yi ni kaɗai a Amman, shi ne mai jirana in na dawo gida, shi ya sa ban iya ba wa kowa shi ba sai ke.

Ki gaida Ummu Rakan, ki ce na ji saƙonta.
Ɗanki mai biyayya, Muhannad

*

Daga Salt

Ɗana Muhannad,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta zo a makare. Ranar da ta iso, mun riga mun haƙa wa Basha kabari. Zauna ka ji, kada ka firgita.

An kwana ana ruwa da ƙanƙara. Da safe na shiga gaida shi, na ɗaga mayafi, na tarar da shi a miƙe, ido a rufe. Na taɓa shi, sanyi ƙalau kamar dutsen bakin ƙofa. Na kira sunansa, na ja ƙafarsa, shiru. Muhannad, na zauna a kujerar mahaifinka na yi kuka, ni da na ce ba abin da zai sa in yi wa ƙadangare hawaye.

Ka san mu, ba ma barin gawa ta yini. Na yanko farin ƙyalle na naɗe shi, na kira Ummu Rakan ta zo da fartanya. Muka je gindin zaitun, tana haƙa tana mita. "Ni da ciwon baya, a ce ƙadangare nake yi wa kabari! Wa zai karɓi gaisuwa, ke ko ƙwarin lambu?"

Na ce, "Yi haƙa, ki rage surutu."

Ƙasar ta yi tauri, ita kuma duk sara biyu sai ta tsaya ta ba ni labarin surukarta. Iska tana kaɗawa, sai na ji ba zan iya barinsa a ƙasa ba, ko da ya mutu. Na cusa shi cikin rigata, a ƙirjina, na ja gyale na rufe. Muna nan tsaye har ramin ya yi zurfi. Ta ce, "Miƙo shi." Ina sa hannu sai na ji an yaƙushe ni.

Na ce, "Ummu Rakan, ya motsa!"

Ta yar da fartanya ta yi baya tana salati, har takalminta ɗaya ya faɗa ramin. Na buɗe ƙyallen, ga shi ya buɗe ido ɗaya yana hararata. Ashe da sauran shan ruwansa. Da matar nan mai saurin aiki ce, da na binne maka shi da ransa. Ba zan ƙara ce mata ta rage surutu ba.

Da la'asar aka kawo wasiƙarka. Na karanta, na ce lallai rashin sani ya fi dare duhu. Yanzu yana kicin, fitilu a kunne, ya baje a kan dutsensa. Ya lashi ruwa, amma har yanzu bai ci ba. Ka taya ni addu'a.

Mahaifiyarka, Ummu Muhannad

*

Yumma,

Ina gaisuwa, ina sumbatar hannun da ya ɗauke shi. Na kasa ƙarasa wasiƙarki a zaune. Ki ba shi lokaci, in mako ya wuce bai ci ba a kai shi likitan dabbobi. Ko me ya faru, ba laifinki ba ne. Ki rubuto da wuri.

Ɗanki, Muhannad

*

Ɗana,

Gaisuwa a taƙaice, mai kai saƙo yana jira a ƙofa. Basha ya ci. Da yatsuna na kamo gyaren na miƙa masa, na kau da kai ina istigfari, ya fizge. Na ƙara, ya ƙara. Ummu Rakan ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito suna tambayar ko aure za ka yi.

Ramin gindin zaitun ban mayar da shi haka kawai ba. Na watsa masa irin lansir a ciki, har ya fara tsirowa.

Allah ya dawo min da kai lafiya.
Mahaifiyarka