Gogen Bapak a Bayan Labule

Yogyakarta,
Lahadi, 11 ga Agusta,
ƙarfe huɗu da kwata na yamma.

Zuwa ga Ibu, mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa daga nan ina sumbatar hannunki, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Taichung, can ƙasar Taiwan. Allah ya sassauta miki ciwon bayan nan, ya ba ki ladan ɗawainiyar da kike yi dominmu, ya jiƙan Bapak mahaifinmu ya haskaka kabarinsa, amin.

Ina rubutun nan a teburin kicin. Kakarmu Simbah tana barci a ɗakin gaba, gwaggonmu Bulik Tarmi tana rumfarta, ƙanwata Kinanti kuma ta tafi gidan ƙawarta Gendis, ta ce sai magariba. Da gangan na jira fitarta. Za ki yi mamakin takarda alhali kullum muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da kika kira, Kinan tana manne da kafaɗata, wannan magana kuwa ba ta gabanta ba ce. Mbak Narti maƙwabciyarmu za ta koma aikinta a can wajenku ranar Laraba, ta yi mini alkawarin za ta sa miki ita a hannu kafin Juma'a.

Mutanen gida lafiya. Gwiwar Simbah ta yi sauƙi, har ta taka da ƙafarta zuwa masallacin unguwa, sai dai ta ƙi daina zuba sukari a shayi, ta ce likitan da ya hana ta sa'an jikarta ne. Bulik tana sayar da abincinta na gudeg da shinkafa da ƙwai kamar kullum, kafin hantsi tukunya ta ƙare. Ni kuma na karɓo takardar shaidar digirina, na kai neman aiki wurare uku. Ɗaya ya kira ni ganawa, sauran shiru. Bulik ta ce shekara huɗu na yi ina karanta ƙididdiga don in dawo in riƙa ƙirga mata ƙwai, kuma gaskiya abin da nake yi ke nan a yanzu.

Ibu, maganar a kan kujerar Kinan ce a ƙungiyar makaɗa ta matasan gari. Kin riga kin san an ɗauke ta, na ji kukan murnarki a waya. Zan faɗa miki abin da na gani da idona daban, abin da aka gaya mini daban, don kada in ɗora wa kowa abin da ban tabbatar ba.

Ni na kai ta jarabawar a kan babur. Tsarinsu ya ba ni sha'awa. An rataya baƙin labule mai kauri a tsakiyar zauren, alƙalai uku suna bayansa, ba su ganin mai kiɗa. Kowane yaro lamba yake ja, ba a kiran suna, an hana magana, har takalma ake cirewa a bakin ƙofa don kada a gane takun mace da na namiji. Mu iyaye da 'yan rakiya muna zaune a baranda, ana jin kome ta taga. Gendis ce ta riga shiga. Ni ba makaɗiya ba ce, amma na tashi a gidan mai goge, kunnena bai ji ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Kinan ta shiga bayanta. Ta yi daɗi ƙwarai, har wata mata kusa da ni ta daina fifita, amma a wurin nan mai sauri yatsanta ya zame, na ji, ita ma ta faɗa da bakinta da ta fito. Da sakamako ya fito, a cikin masu goge an ba Kinan kujera ta takwas, Gendis ta tara. Kin san abin da wannan ke nufi fiye da ni: takwas na farko su ne za su je wasa a Taiwan a watan Disamba. Gendis tana zaune daidai bayan Kinan, tana kallon ƙeyarta.

Da farko na ce a raina alƙalai sun ji abin da ban ji ba. Sai ranar gwajin kiɗa na farko, muna bakin ƙofar zauren muna jiran yara su fito, Bu Ratri mahaifiyar Gendis ta zo ta riƙe hannuna da hannu bibbiyu tana murmushi. Ta tambayi lafiyar Simbah, ta tambayi taki, ta yaba ƙoƙarin Kinan. Sannan ta dubi akwatin gogen da Kinan ta rungumo, ta ambaci sunan Bapak cikin taushin murya ta ce, "Allah ya jiƙan Pak Suwandi. Ashe har yanzu yana zuwa jarabawa." Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai suna gyaran mayafi. Kinan tana tsaye a gefena, ta ji. Har muka iso gida a kan babur goshinta yana jingine a bayana, rigata kuma ta jiƙe.

Tun daga ranar na fara haɗa abubuwan da ban kula da su ba a da. Tun rasuwar Bapak gogensa yana saman kabad ɗinki, kin hana kowa taɓawa, ko ƙura sai kin dawo hutu kike share masa da kanki. Amma ana saura kwana biyu jarabawa kika kira kika ce Kinan ta ajiye nata na makaranta ta ɗauki na Bapak don albarka. Da muka buɗe akwatin, tsirkiyoyinsa sababbi ne fil, an kuma sake wa sandarsa izga. A lokacin murna kawai na yi. Daga baya na tambayi Bulik wa ya gyara, ta ce ita ta kai shi tun watan jiya, ke kika sa ta, kika kuma ce kada ta gaya mini domin ni mai yawan tambaya ce. Da na matsa, ta ce kin taɓa tambayarta ko Pak Harjuno, jagoran ƙungiyar, zai zauna cikin alƙalai a bana. Tana faɗin haka ta toshe bakinta da hannu, ta ce shinkafarta tana ƙonewa. Na leƙa, ba kome a kan wuta.

Ibu, ni ma na san muryar wannan goge. Tun da kabad ya faɗo masa a girgizar ƙasar 2006 ya tsage, ko da aka ɗinke shi sai ya rage da ɗan gurnani a tsirkiya mafi kauri, kamar mutum mai mura. Bapak yakan ce ba zai musanya gurnanin nan da gida ba. Kuma ke da kanki kika sha ba mu labarin cewa Pak Harjuno ne ya tono shi daga cikin ɓaraguzai da hannunsa, shi ya kai shi wurin mai gyara, kuma shi da Bapak sun yi shekaru suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna karanta takardar kiɗa ɗaya. Labule yana rufe fuska, ana cire takalma, amma ba wanda ya yi tunanin gogen da kansa.

Ranar Alhamis na je gidan Pak Harjuno. Na sayi kwalin bakpia, ɗan kek ɗin nan mai zaƙi, don kada in shiga gidan babba hannu rabbana, amma da na isa ƙofa sai na ji tsoron kada maƙwabta su gan ni da kwali su ce ga sauran godiya an kawo, na mayar da shi ƙarƙashin sirdin babur. Na same shi a tsakar gida yana ba kurciyoyinsa gero. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce hancina na Bapak ne, ya sa aka kawo shayi. Ya daɗe yana ba ni labarin yadda Bapak yake yin gyangyaɗi a tsakiyar wasa amma bai taɓa makara wurin shigowa ba. Sai da shayi ya huce na samu ƙarfin halin tambaya, ina kallon tabarma, ko ya gane gogen. Ya yi dariya ya ce, "Nduk, 'yata, kafin ta ja sanda sau biyu na san shi. Ko a kabari aka goga shi zan ɗaga kai." Ya ce nan take ya ajiye alƙalaminsa, ya gaya wa sauran biyun cewa wannan lamba ba ruwansa da ita, su yanke su kaɗai. Na ji sanyi a raina. Amma sai ya ƙara, yana dariya, cewa ya ba da kansa a gaban yara, don sai da ya cire tabarau ya share ido har ta gama. Yaran da yake nufi su ne sauran alƙalan biyu. Na bincika, dukkansu ɗalibansa ne tun suna ƙanana, har yau ba sa zama sai ya zauna. Ban ce sun yi son kai ba. Na dai ce mutum biyu sun ga malaminsu yana hawaye, sannan suka ba da maki.

Kafin in tashi na tambaye shi ko kun yi magana da ke kwanan nan. Ya juya ya yi wa kurciya fito, ya ce wannan mai wuyan ta fara koyon kuka mai kyau, ya ƙara mini shayin da ban roƙa ba, ya ce in gaishe ki. Bakpia kuwa ya narke a zafin inji, Simbah ce ta cinye.

Ban gaya wa Kinan ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma yarinyar nan ba ta da wauta. A ƙungiyarsu akwai ƙa'ida: na baya yana da damar neman a sake saurarensa tare da na gabansa a bayan labule, in ya fi shi su yi musayar kujera. Gendis ta ƙi nema, ta ce ba za ta yi wa ƙawarta haka ba. Ina kuma zaton Bu Ratri ta fi son maganar ta ci gaba da yawo a unguwa. To jiya Asabar Kinan da kanta ta ja hannun Gendis har gaban Pak Harjuno, ta roƙi a sake saurarensu, kuma su biyun su yi da goge ɗaya, na Gendis. Gendis ta ce mata mahaukaciya, Kinan ta ce gara mahaukaciya da 'yar gado. An ce Pak Harjuno ya daɗe yana kallonta kafin ya amince, ya kuma ce shi a ranar zai zauna a baranda tare da iyaye. An sa Lahadi mai zuwa. Shi ya sa yanzu take gidansu Gendis, suna karɓa-karɓa da goge ɗaya don hannunta ya saba.

Jiyan da muka dawo gida ta share gogen Bapak da tsumma mai laushi, ta hau kujera ta mayar da shi saman kabad. Tana can sama, ba ta juyo ba, ta ce mini, "Mbak Wening, in Ibu ce ta shirya, kada ki gaya mini sai bayan Lahadi." Na ce ban san kome ba. Ta ce ta san fuskata in ina ƙirga abu.

Ibu, ki gafarce ni in na zarce. Ba tuhumarki nake yi ba, kuma ban manta shekara uku ke nan rabonki da ganin Kinan ido da ido ba. Kin tafi kin bar ta ba ta kai kafaɗarki ba, yanzu ta fi ni tsawo. Na san tun ranar da sakamako ya fito kika nemi hutun kwana ɗaya na Disamba, Mbak Narti ta ce har rigar sanyi kin saya mata. In ta faɗi ranar Lahadi, Gendis ce za ta hau jirgin, na sani, ita ma ta sani. Roƙona ɗaya ne, kuma shi ya sa na matsa takardar nan ta riske ki kafin ranar: kada ki kira Pak Harjuno, kada ki aiki Bulik ko'ina, kada ki ce wa Kinan ta janye. Ki yi mata addu'a kawai. In ta ci, za ta zo miki da kujerar da ba mai yi mata murmushi a kanta a bakin ƙofa.

Simbah tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa man zafin da ta ba Mbak Narti. Bulik Tarmi tana gaisuwa, ta ce in gaya miki ita ba ta faɗi kome ba. Kawunmu Paklik Darno da yaransa suna gaisuwa. Ki gaida Mbak Sulis da kuke haɗuwa ranar hutu, da sauran 'yan gida da ke can. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

'Yarki mai neman albarkarki,
Wening

Na sake karanta abin da na rubuta, kuma don kada ki ɗauka na yanke hukunci, ga abin da har yanzu ban sani ba.

Ban sani ba ko kin yi magana da Pak Harjuno kafin jarabawa, ko kuwa gogen kawai kika aika ya yi magana.

Ban sani ba ko alƙalan biyu sun ba da maki don abin da suka ji ne ko don abin da suka gani a fuskar malaminsu. Ina zaton su ma ba su sani ba.

Ban san yadda Bu Ratri ta san labarin gurnanin ba, ko wa ya gaya mata.

Ban sani ba ko Gendis za ta yi iyakar ƙoƙarinta ranar Lahadi, ko za ta zame da gangan don ƙawarta. In ta yi hakan, mun koma inda muka fara.

Ban san wadda ta fi iyawa a cikinsu ba. Na saurare su ta tagar gidan Gendis ɗazu da goge ɗaya, na kasa gane wace ce ƙanwata.

Kuma ban sani ba, da ni ce a Taichung shekara uku, da goge a saman kabad da waya a hannuna, ko da zan bar shi a can saman.