Layin da Na Rubuta a Kan Maganin Inna

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya Baban yara da 'yan rigimarki? Ina fatan kumburin ƙafar nan ya sauka.

Kin sake tsokanata, wai ni likita ce ko mai gadin takardu. To, ba na taɓa majinyaci. Aikina in tattaro duk binciken da aka taɓa yi a kan magani guda, in tace, in haɗa sakamakon wuri ɗaya a ga inda gaskiya ta karkata. Wannan karon kuwa, ƙwayar maganin zuciyar nan da asibiti ke ba Inna aka ɗora mana. Ni da Dogo, abokin aikina, kowa na karatu a teburinsa ba leƙen juna, sai mun gama mu kwatanta. Inda muka saɓa, Farfesa, shugaban sashenmu, ya raba gardama. Idona har ruwa yake saboda kwamfuta, amma raina fes. Ki gaya wa Inna autarta ce ke duba maganinta.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ji daɗi da kika ce Inna tana barci a kwance yanzu, ba sai an jingina ta da matasai ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Mun gama aikin, amma sakamakon bai yi mini daɗi ba. Tun kafin mu fara mun ɗaure kanmu da ƙa'ida: ba za mu karɓi bincike ba sai wanda aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su ƙwayar, wasu a hana. Tulin takardun nan sai ya zube, kaɗan suka tsira. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman mai kama da Inna, ban samu ba. Duk masu binciken sun cire tsofaffi da masu ciwon ƙoda tun daga bakin ƙofa, don kada su dagula musu lissafi.

Saboda haka na rubuta cewa babu isasshiyar hujja a kan amfanin maganin ga irin waɗannan. Ban ce ba ya aiki ba, Yaya. Cewa na yi ba wanda ya damu ya duba.

Taki, Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, kodayake na ji kunyar tambayar jikin Inna bayan abin da kika rubuto. Tun da na karanta cewa numfashin ya dawo sama-sama abinci ya ƙi shiga bakina.

Gaskiya mai ba da magani ya faɗa miki. Kwamitin asibitoci ya daina sayo ƙwayar don tsofaffi, kuma da rahotonmu ya kafa hujja. Na je da ƙafata. Shugaban kwamitin ya ba ni kujera, ya yaba aikina, sannan ya ɗora yatsa a kan layin nan nawa. A wurinsu, abin da ba shi da hujja ba shi da amfani. Na yi bayani har muryata ta dushe, shi kuwa yana ta gyaɗa kai yana duban agogo. Farfesa ya ce mafita sabon bincike ne a kan tsofaffi, wanda zai ci shekaru. Shi ya faɗi haka hankali kwance, don ba uwarsa ba ce.

Kin ce in koma in canza layin. Na zauna na buɗe rahoton, hannuna a kan madannan kwamfuta, na kasa. Me zan rubuta? Ke kin ga lokacin da Inna take shan ƙwayar ta taka har tsakar gida ta ɗauki jikarta, ni ma na gani ranar da na zo. Amma a teburina wannan ba hujja ba ce, mutum ɗaya ce. In na ƙirƙira, gobe wata tsohuwar ce za ta sha abin da ba a auna ba da sa hannuna. Na tsani aikin nan, kuma na san daidai na yi shi. Ban san yadda ake rayuwa da duka biyun ba.

Na zagaya shagunan magani, babu. Zan taho ƙarshen mako hannu wofi. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma don Allah kafin in iso ki shirya mini abin da za mu ce mata. Kin ce kullum tana tambayar ko autarta ta ji an hana ta maganinta, don ta san in na ji ba zan yarda ba.

Ki yafe mini.
Auta