Ganyen Tukunya ta Huɗu

Nong Phue, 3 ga Agusta, 2566 a kalandarmu

Yaya Lamduan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma tsayuwar masana'anta ba ta tayar miki da ciwon ƙafar nan ba. Rubutowa na yi maimakon waya saboda kin san kunnen Baba. Ko a gindin mangwaro na tsaya sai ya ji, ya ce ana gulmarsa.

Jikinsa da sauƙi, a ganina. Tun da asibiti suka sallamo shi yake wuni a gadon gora na ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da gidan ke tsaye a kai. Sau uku a rana ina kai masa kunun shinkafa ko romon kaza da ƙwayoyinsa, in tafi gona, in dawo in tarar da kwano fes. Kullum sai na rubuta a littafina: ya cinye.

Wiwin nan ne ya dame ni, tukwane shidan da na shuka don shayin da ke kwantar masa da zafin ciki. Biyar lafiya lau. Ta huɗu ce bakin ganyenta ya ƙone ya nannaɗe, kamar an kara masa wuta, na ƙasa kuma sun yi rawaya suna zuba. Na bi bayan ganye ɗaya ɗaya da tabarau ɗin Baba, ba ƙwaro, ba saƙa. Na ce ko ruwa ne ya yi yawa, na hana ta kwana uku, ba canji. Na ce ko kashin kaji na cika mata, amma awo ɗaya na ba su duka. Sai dai in hannuna ya yi wani abu, alƙalami ya rubuta wani. Kin san ni.

Gwaggo Bualai ta zo ta gani. Ta ce shuka ba ta ciwo haka kawai a gidan majinyaci, ta ɗaura wa reshen farin zare irin wanda ake ɗaura mana a wuyan hannu. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce tunda zaren ya yi mata yawa ta bi kaji ma ta ɗaura musu.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Prayun

Nong Phue, 19 ga Agusta

Yaya Lamduan,

Ina gaishe ki, ya aiki, ya kewar gida? Na ga saƙonki, kin ce in daina zancen ganye in ba ki labarin Baba. Yana nan. Ya ɗan rame, amma malamar asibiti ta ce ciwon haka yake. Surutu ne ya ragu.

Ki yi haƙuri, sai na koma kan ganyen, don abin ya fara ba ni tsoro. Na wanke ƙasar ta huɗu da ruwan sama, na mayar da ita bakin shinge, na kawo ta biyu wurinta, wato jikin ginshiƙin da ke wajen kan gadon Baba. Cikin kwana goma ta huɗu ta fitar da sabon toho kore shar. Ta biyu, wadda ta fi kowace kyau, yanzu bakin ganyenta ya fara ƙonewa. Ashe ba shukar ba ce, wurin ne.

Na auna ranar da wurin ke samu, daidai take da ta sauran. Na hau na duba kwanon rufi, ba ya ɗiga a nan. Saman ƙasar ya yi fari-fari kamar gishiri, tururuwa sun cika ta, kuma tana wani tsami da ban san shi ba. Gwaggo ta ce wurin ne ke shanye rai, a matsar da gadon. Baba ya ce duk wanda ya taɓa gadon nan ya haɗa da shi ya kai rafi. Ban yarda da maganarta ba, amma ba ni da tawa.

Ƙaninki, Prayun

Nong Phue, 24 ga Agusta

Yaya,

Ina fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya da hantsi na zazzage tukunya ta biyu don in ga saiwa. Ƙasa da saman da ɗan yatsa ɗaya na tarar da shinkafa ta ruɓe, da guntun ƙashin kaza, da ƙwayoyin asibiti, wasu ko narkewa ba su gama ba. Gishirin romo ne ke ƙona ganyen. Da na juya baya yake miƙa hannu ya juye kwanon, ya rufe da ƙasa. Shayin kawai yake sha.

Yana kwance yana kallona ina tonawa. Shi ya fara magana.

“Wata guda da rabi, malamin ganye. Na ɗauka sati biyu za ka yi.”

Na tambaye shi dalili. Ya ce duk abin da ya shiga cikinsa kamar garwashi ne, kuma ya gaji da haɗiye garwashi don littafina ya yi kyau. Na ce zan ɗauko mota mu koma asibiti. Ya ce in je ni kaɗai, ya ga na fi shi buƙata. Sannan ya ɗaga riga ya nuna mini, haƙarƙari duk a waje. Yaya, bayan kowane ganye na leƙa a gidan nan, ban taɓa ɗaga rigar Baba ba. Na bi littafin na ƙirga, sau ɗari da ashirin da tara na rubuta ya cinye.

Malamar asibiti ta zo da yamma, ta daɗe tana lallashinsa, ya sha cokali biyu don kunyarta. A bakin hanya ta ce mini in akwai na nesa a kira shi.

Ya hana ni faɗa miki, ya ce za ki bar aikinki ki zo ki cika masa kunne. Ga shi na faɗa. Ki nemi izini, in sun hana ki taho haka nan. Kada ki jira girbi.

Yau da safe da na kai masa kunu, ya ce in ɗauke sauran tukwanen daga kusa da shi, ba su yi masa laifin komai ba, in kawo masa bokiti ya riƙa juyewa a ciki. Na daɗe a tsaye da kwanon a hannu. Na kawo masa bokitin, Yaya. Ban sani ba ko daidai na yi.

Ƙaninki, Prayun